Abin da Jafaru Ya Faɗa wa Rijiya

Ku matso, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi mini dariya. Kubura ce abin ya faru da ita, ɗiyar Gwaggo Delu, kun dai san ta.

A lokacin tana koyon aiki a wani asibitin ƙwaƙwalwa. Ba ta allura, ba ta rubuta magani. Aikinta mutum ya zauna ya amayar da abin da ke damunsa, ita kuma ta saurara. Kun san abin da ya kai ta wannan karatu? Yayanta Tanimu, mai taɓin hankali. Da ciwonsa ya tashi aka ɗaure shi da mari a ɗakin baya, ita ke kai masa abinci tana 'yar shekara tara. Kullum sai ya ce ta tsaya ta ji wata magana. Ita kuwa sai ta dire kwano ta ruga da gudu. Har ya rasu ba ta taɓa tsayawa ba.

To, likitar da ke koya mata aiki mace ce mai ƙa'ida. Zama minti hamsin ne, in ya cika ya cika. Ta ce mai koyo da ba ya iya rufe zama a kan lokaci bai iya komai ba. Kubura kuwa sau biyu ana yi mata faɗa a kan haka.

Akwai wani mai haƙar rijiya, Malam Jafaru, da yake zuwa wurinta duk Laraba. Shekara uku ke nan da abokin aikinsa ya mutu a rami, wai igiya ce ta tsinke, tun daga nan barci ya ƙaurace masa. Mako shida yana zuwa, yana kewaye-kewaye. Yau zancen laka, gobe zancen tsadar siminti. Ran Laraba ta bakwai, ya miƙe, har ya kama ƙofa, sai ya tsaya.

"Likita, igiyar nan fa, ba tsinkewa ta yi ba."

Kubura ta dubi agogo. Ga wata mata tana jira a waje, ga likitarta a ofishi na kusa. Ta yi murmushin da aka koya mata, ta ce wannan magana babba ce, su ajiye ta sai Laraba mai zuwa.

Ran Lahadi aka ciro gawarsa daga rijiya.

Wallahi yarinyar nan ta daina cin abinci. Likitarta ta ce ba laifinta ba ne, kowa ya ce ba laifinta ba ne. Ita dai abu ɗaya ke cin ta: da ta ce ya dawo ya zauna, da yana raye?

Laraba ta zagayo. Tsakar rana, zafin bazara, fanka ba wuta. Ba ta ba kowa lokacin Jafaru ba, tana zaune ita kaɗai. Sai ƙofa ta buɗe ba sallama.

Wata mata ce doguwa, ta rufa da mayafi. Ta zauna a kujerar Jafaru. Ɗakin ya yi sanyi, ya ɗauki warin laka. Kubura ta dubi ƙasa. Sawun matar a jiƙe yake, amma yatsun sawun ƙofa suke kallo, kamar fita ta yi ba shigowa ba.

Da ta yi magana, muryar ba daga bakinta ta fito ba. Daga can ƙasa ta taso, tana amsa kuwwa.

Ta ce ta zo ta ƙarasa maganar Jafaru. Ranar nan shi ke riƙe da igiya, abokinsa na ƙasa. Kunama ta harbe shi a hannu, ya saki. Ya ce wa mutane tsinkewa ta yi. Shekara uku yana neman mutum ɗaya da zai faɗa wa.

"Da ya rasa mai ji a sama, sai ya leƙo ya faɗa mana. Muka ce ya matso, ba ma ji sosai."

Kubura ta kasa ko A'uzubillahi. Da ƙyar ta tambaya ko da ta saurara da bai mutu ba.  Matar dai kallonta kawai take, irin kallon da ke jawo magana daga cikin mutum.

"Ke ma akwai wata a bakinki," in ji ta. "Ta Tanimu. Faɗi, mu ba ma sauri."

Ku ji fa, Kubura ta ji daɗi! Shekara ashirin ba wanda ya ce mata faɗi. Ta buɗe baki.

"Matso. Ba ma ji."

Ta matsa.

"Ƙara matsowa."

Sai ji ta yi an fizgo ta ta baya. Ashe ba a ofis take ba. Tana bayan asibiti, durƙushe a bakin wata tsohuwar rijiya, rabin jikinta a ciki. Iya Hansai mai shara ce ta damƙe zaninta da hannu biyu, tana salati.

Tsohuwar ta tambaye ta da wa take magana. Kubura ta fashe da kuka, ta faɗa mata komai, na Tanimu da na Jafaru, nan cikin rana. Iya Hansai ba ta yi boko ba, ba ta san wata dabara ba. Ta dai ajiye tsintsiya ta zauna a ƙasa, ba ta tashi ba sai da aka kira la'asar.

Kubura ta gama karatunta, yanzu har koyar da wasu take. Amma amsar tambayar nan a kan Jafaru ba ta samu ba, kuma ta ce ba ta sa ran samu. Na taɓa tambayarta ko ta yafe wa kanta. Ta ce wasu ranakun.

Saboda haka ku ji ni. In akwai magana mai nauyi a cikinku, kada ku bi ta bakin rijiya ku kaɗai, ko da rana tsaka. Ku nemi mutum. Na ƙasa ba sa gajiya da saurare, amma ba sa mayar da wanda suka saurara.