Gashin Lavinia Crowhurst

Sufeto Lorne Gaudet bai gama kurɓar kofinsa na safe ba aka bugo daga jami'a, wai an fasa akwati a laburare an sace gashi.

"Gashi?" ya ce. "Na kai?"

"Na kai, Yallaɓai," in ji Saje Kowalchuk, tana kakkaɓe ƙanƙara daga hularta. "Mai shi ta mutu tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Kai da ba ka da ko sili, yi hattara kada a fara zarginka."

Kowa a garin ya san Ɗakin Pellow. Farfesa Alistair Pellow ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙetara teku zuwa Ingila, yana tsintar littattafan mawaƙan wancan zamani, har ya cika ɗaki guda ya bar wa jami'a. Abin taƙamar ɗakin shi ne ɗan ƙullin gashin mawaƙiya Lavinia Crowhurst, cikin gidan zinariya irin wanda mata ke maƙalawa a ƙirji. Babu ɗan makarantar da ba a kai shi ya gani ba. Gaudet ma an kai shi yana yaro, hamma kawai ya yi ta yi.

Suka tarar da murfin gilashin akwatin a tarwatse, ƙarfen danne takarda yana yashe a ƙasa. Gashin ba ya nan. Amma littafin waƙoƙinta, wanda ta rubuta da hannunta, yana nan buɗe a mazauninsa.

Sufeto ya sa safar hannu ya ɗaga littafin a hankali. Ƙarƙashinsa ɓaraguzan gilashi ne birjik. Ya duba shafukan, ko ƙwaya ɗaya babu.

"Wannan ɓarawo an ba shi tarbiyya," ya ce. "Ya ɗauke littafin, ya fasa, sannan ya mayar."

Suka shiga ofishin sabon shugaban laburare, Dokta Rourke, mutum mai yawan murmushi da haƙora.

"Zuciyata ta karaya, Sufeto. Ɗakin nan kamar ɗana na ɗauke shi."

"Shi ya sa aka ga ma'aikata suna auna bangonsa makon jiya?" in ji Saje.

Murmushin ya ragu. Rourke ya ajiye kofin shayinsa a kan wani tsohon littafi mai bangon fata, ya gyara zama.

"To, ba zan ɓoye ba. Ɗakin zai cika shekara ɗari, na ce kafin biki a kai gashin ɗakin gwaji. An sami jikokin 'yar'uwar mawaƙiyar, za a gwada da nasu. In na gaske ne, ɗaki ya tsira. In jabu ne, littattafai su koma ɗakin ajiya na ƙasa, a cire sunan Pellow daga ƙofa, a zuba kwamfutoci."

"Wa ya san da gwajin?"

"Ni da kwamiti. Sai Madam Pellow, jiya na gaya mata. Jikar Farfesa Pellow ce, kuma ita ke kula da ɗakin."

Da suka fito Saje ta ce, "Shi ne, Yallaɓai. Ba gashi, ba biki, ya samu ɗakinsa."

"Mutumin da ya mai da littafi faranti? Da shi ne, da gilashi ya yayyaga shafukan nan bai ko waiga ba."

Madam Winifred Pellow tana zaune a bakin tagar Ɗakin Pellow, tsohuwa siririya, rigar sanyinta a maƙale har wuya. Ta dubi takalman Sufeto da suka jiƙa mata daɓe kafin ta dubi fuskarsa.

"Ke kika fara gani, Madam?"

"Ni ce. Na buɗe ƙofa na tarar da ɓarna. Ban taɓa komai ba."

"Kin ji zancen gwaji?"

"Wane gwaji kuma?"

Sufeto ya cire safarsa, ya lashi yatsa, ya miƙa hannu zai buɗe shafin littafin mawaƙiyar.

"Kai! Ɗauke hannunka!" Ta zabura tsaye kamar ba mai ciwon gwiwa ba. "A gidanku haka ake taɓa littafi?"

"A'a, Madam. So nake in ga wanda ba zai iya jure ganin an cuci littafin nan ba, ko da yana tsakiyar sata. Gilashi daga sama yake zubowa. Yaya aka yi ya shige ƙarƙashin littafi ya bar samansa? Kuma Dokta ya ce jiya ya gaya miki zancen gwaji."

Ta koma ta zauna, ta ɓalle maɓallin wuyanta. Gidan zinariyar yana maƙale a rigarta ta ciki.

"Na so in fasa littafin yana ciki," ta ce. "Na ɗaga ƙarfen, hannuna ya ƙi."

"Me ya sa kika ɗauka?"

"Don gwajin zai faɗi gaskiya. Kakana ya sayi abin nan a Landan a naɗe, bai buɗe ba sai a jirgin ruwa. Ya tarar babu komai ciki, an damfare shi. Ga shi jaridu sun riga sun buga, shugaban jami'a na jira a tasha da 'yan badujala. Sai ya dubi matarsa, ya ari almakashi, ya yanki gashinta ya saka a ciki. Ita ta ba ni labari ina tsefe mata kai, tana dariya har da hawaye."

Saje ta yi tari don kada tata dariyar ta fito.

"Gara a ce an sace da a ce Pellow maƙaryaci ne," in ji tsohuwar. "Duk sauran abin da ke ɗakin nan na gaske ne, Sufeto. Amma wa zai yarda yanzu?"

Abin ya taɓa Gaudet, sai dai aiki aiki ne. Ya gaya mata ana tuhumarta da sata, da ɓarnata kayan jami'a, da yi wa 'yan sanda ƙarya. Ya hana Saje fito da ankwa. Tsohuwar ta cire abin da kanta ta saka a jakar shaida.

Saje ta tsaya da alƙalami a hannu. "Yallaɓai, gashin wa zan rubuta?"

Sufeto ya juya. "Madam, yaya sunan kakar taki?"

Mutane sun yi ta zuwa daga nesa suna zubar da hawaye a gaban gashin nan, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

"Maud," ta ce. "Maud Pellow."

Saje ta rubuta. Sufeto ya ba tsohuwar hannu, suka sauka matakala a hankali.