'Yan Bencin Baya

"Ka goge shi, Mahbub! Don Allah ka goge shi tun kafin Baba ya ji!"

Muna tsaye a soron gidanmu a Kabo bayan la'asar, kaset ɗin yana hannunsa a naɗe cikin leda.

"Naja'atu, ko kallonsa fa ba ki yi ba..."

"Ba sai na kalla ba! Ka rasa wanda za ka sa a fim ɗin barkwanci sai ƙanina? Mutane su zauna suna yi wa in'inarsa dariya?"

Ya dube ni, irin kallon nan da kullum yake kashe min jiki. Ranar dai na kawar da kai.

Mahbub mai ɗaukar bidiyon biki ne a Gwarzo. A bikin ƙawata Zulaiha muka haɗu, shekara biyu ke nan. Manyansa sun zo neman aurena, Babana, Malam Dalhatu, ya karɓe su da mutunci. Sai labari ya iso masa cewa yaron yana haɗa fim. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, kusan kowane wa'azi sai an taɓo 'yan fim. Baba kuwa makarantar Islamiyya gare shi, iyayen yara suna kallon duk abin da ya yi.

"Ba zan tilasta miki komai ba," ya ce min. "Amma in yana son ki, ya ajiye wannan harka. Ni ba zan haɗa zuri'a da rawa da waƙa ba."

Ina cikin wannan damuwar na gano inda Bashari yake zuwa duk Asabar. Ƙanina ne, shekararsa goma sha takwas. A aji biyar ya bar sakandare saboda tsokanar da ake yi wa in'inarsa. Tun daga nan ya rage magana, galibi sai dai ya gyaɗa kai. Ashe shi ne jarumin fim ɗin.

"Shi ya same ni har Gwarzo, masoyiyata," Mahbub ya ce a hankali. "Ya yi kusan minti goma kafin ya iya gaya min abin da ya kawo shi. Da wane baki zan ce masa a'a?"

"To ka zaɓa. Ko ni, ko kaset ɗin nan."

"Naja ta... kada ki yi min haka."

Na shige gida da gudu, na faɗa jikin Inna ina kuka.

Kwana tara bai zo ba. Na rame, ko tuwo ba na iya haɗiyewa. Wajen Zulaiha na ji cewa ya kai fim ɗin Kano, 'yan kasuwar kaset sun ce wa zai sayi fim babu waƙa, babu rawa, babu ko mace ɗaya, sai yara maza huɗu da akuya? Na tausaya masa har cikin raina, amma na kasa aika masa ko gaisuwa.

Ranar Alhamis da hantsi, da yake babu karatu, Baba yana soro yana duba littafi. Sai ga Bashari ya turo baro, da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta a ciki. Mahbub yana biye da shi, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Barka da hutawa, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mutanen Gwarzo? Wannan kayan fa?"

Bashari ya buɗe baki. "Ba-ba-baba, so na-na-nake ka..."

"In kalla? Ni?" Baba ya ƙarasa masa, kamar yadda muka saba yi dukanmu. Ya daɗe yana duban ɗansa, sannan ya rufe littafin. "To. Ba a yanke hukunci kan abin da ba a gani ba. Kunna."

Ni da Inna muka laɓe a bayan labulen ƙofar cikin gida.

Sunan fim ɗin 'Yan Bencin Baya. Ɗalibai huɗu ne da aka tura ƙarshen aji saboda babu mai son zama kusa da su. Akwai Jalo, wanda akuyarsa take bin sa makaranta kullum har malami ya gaji ya sa sunanta a rajista. Akwai wani dogo da yake sanye da wandon da aka ɗinka masa tun aji ɗaya, iyakarsa gwiwa, duk sanda ya yi ƙorafi babansa ya ce, "Yi haƙuri, saura kaɗan ka gama." Akwai mai barci ido buɗe. Na huɗu shi ne Bashari.

Na ga Inna ta toshe baki da mayafi. Na leƙa Baba: fuskarsa a murtuke, amma gemunsa yana rawa.

Can aka zo ranar bikin ba da kyaututtuka. Akuya ta cinye takardar jawabin shugaban ɗalibai, shi kuma ya tsaya yana kuka. Shugaban makaranta ya rikice, ya nuna wanda ya fi kusa. Bashari ya hau dandamali.

Ya fara, maganar ta maƙale. Ɗalibai suka fashe da dariya. Sai dogon nan ya miƙe da guntun wandonsa ya ce, "Duk wanda ya sake yin dariya, da shi za mu yi musayar wando!"

Baba ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Tunda nake ban taɓa jin ya yi irinta ba.

A cikin fim ɗin wuri ya yi tsit. Abokansa uku suka hau suka tsaya a bayansa cikin rana. Bashari ya ci gaba, kalma bayan kalma, babu wanda ya tare shi, har ya kai ƙarshen jawabinsa. Mahbub bai yanke ko daƙiƙa ɗaya ba.

Aka kashe janareta. Baba bai ɗauki hularsa ba.

"Bashari, kai ne ka yi wannan doguwar magana a gaban mutane?"

"E-eh. Baba, ni-ni-ni ina so in..."

"Ka ci gaba da fim?"

"A'a! Ka-ka bar ni in ƙa-ƙarasa!"

Inna ta damƙe hannuna. Baba ya sunkuyar da kai. "Ƙarasa, ɗana. Ina jin ka."

Ya ɗauki lokaci, gumi yana keto masa. Ya ce makaranta yake so ya koma. Ya ce a wajen Yaya Mahbub ne aka fara jiran sa ya gama magana. Ya ce in aka hana shi Yaya Naja'atu saboda wannan fim, to shi ne sanadi, kuma ba zai yafe wa kansa ba.

Hawaye ya gangaro cikin gemun Baba.

"Shekara goma sha takwas ina karantar da 'ya'yan mutane haƙuri," ya ce, "ban taɓa haƙurin sauraron nawa ba." Ya juya ga Mahbub. "Mutane za su yi magana, na sani. Ni zan amsa musu. Ka gaya wa manyanka su dawo."

Da za su tafi na tare Mahbub a bakin soro, na kasa ɗaga ido.

"Ka yafe min..."

"Rabin raina, kwana tara fa! Ko akuyar Jalo sai da ta ga na rame."

Na yi dariya ina share hawaye.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura mana aure, Bashari kuma ya koma aji biyar. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. A gidajen kallo na Getso da Durun kawai aka nuna shi, amma yara sun haddace shi kaf.

Ranar ɗaurin auren ango ba zai iya riƙe kyamara ba, sai Bashari ya karɓa. Rabin kaset ɗin takalman mutane ne da gefen tabarma. Amma muryar Baba ta fito tar, yana yi mana addu'a, yana kiran sunana.

Shekara uku bayan nan Allah Ya yi masa rasuwa. Duk ranar da kewarsa ta dame ni, Mahbub ba ya cewa komai. Sai ya sa kaset ɗin, ya zauna kusa da ni, mu yi ta kallon takalman nan muna cewa amin.