Murya ta Goma Sha Bakwai

Saura kwana tara a ɗaura aure. Zulaiha tana zaune a kan ramin duhan, lulluɓe da bargo, hayaƙin icen ɗalhu yana ratsa jikinta kamar yadda ake yi wa kowace amarya a ƙasar Gadarif, sai ga Asha ta faɗo gidan ko sallama babu.

Asha yayar ango ce. Irin matan nan ce da ko gaishe ka ta yi sai ka duba ko akwai ƙaya a cikin gaisuwar. Ta tsaya bakin rumfa ta kama ƙugu, ta ƙare wa amarya kallo.

"Sannu da ƙoƙari, ya arusa. Sai dai hayaƙi fata yake gyarawa, ba ya gyara abin da aka sha."

"Me aka sha, Yaya Asha?"

"Abin da tsohuwar nan ta Ƙala'at an-Nahal ta dafa miki mana. Kofi uku, ko ba haka kika ce ba? Na farko kika amayar, biyu suka zauna... yarinyar kuma ta ƙi fita."

Zufar da ke jikin Zulaiha ta koma ruwan sanyi.

Sau ɗaya tak wannan zance ya taɓa fita daga bakinta, a ɗaki rufe, gaban mace ɗaya da 'yar na'urar naɗar murya.

Hajo, yayar Zulaiha, tana gefe tana kwaɓa dilka. Hannunta ya tsaya cak a cikin kwano. A tsakar gida kuwa Jummare, 'yar wata goma sha huɗu, tana dafe da bango tana koyon tafiya. Asha ta nuna yarinyar da baki, ta ce Hajja, mahaifiyarsu, ta ce a tattara mata lefen ɗanta kafin Juma'a. Ta juya ta fice.

Bari in koma baya kaɗan, kada a ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba.

A ƙarshen shekarar 2023 yaƙi ya kore su daga Madani, Zulaiha da Hajo da mijin Hajo. A hanya masu bindiga suka tare motarsu, suka ware Zulaiha gefe. Ba zan faɗi sauran ba. Da suka sauka Ƙala'at an-Nahal, inda babu wanda ya san su, ta gane ciki gare ta. Tsoro ya kai ta wurin wata tsohuwa a ɓoye. Ta sha abin da ta sha, ta kwanta sati biyu rai a hannun Allah, Hajo tana ta dafa mata maganin shawara ba ta san ba shawarar ba ce. Cikin dai ya zauna daram.

Ita ma Hajo ciki gare ta a lokacin. Nata ɗan ya zo ba rai, kwana goma kafin Zulaiha ta sauka. Ga nono yana zuba ba mai sha, ga jaririya tana kuka uwarta ta kasa ko kallon ta. Mijin Hajo, Daudu, ɗan ƙwadago ne a gonakin riɗi, mutum ne da sai ka yi da gaske ka ji kalma goma a bakinsa a yini. Ya ce riƙo ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe, ya yanka rago, ya raɗa wa yarinya suna. Da suka koma Mafaza cikin dangi, duniya ta san Jummare 'yar Hajo ce. Sannu a hankali son yarinyar ya kama Zulaiha, irin son da ba a gaya wa kowa. Abin da take roƙo kullum ɗaya ne: kada Jummare ta taɓa jin yadda aka same ta, balle ta ji an taɓa neman rabuwa da ita.

A Mafaza ta haɗu da Husain, angon da ake shirin auren nan da shi. Malamin makaranta ne, makarantar kuma ta cika da 'yan gudun hijira, sai ya koma koyar da yara a ƙarƙashin darbejiya kusa da inda take sayar da shayi da jabana, wato gahawa. Mutum ne da gahawa ke hana shi barci, amma kullum sai ya sha, yana yatsina fuska yana cewa ta yi daɗi. Shi ya gyara mata ƙafar teburinta, shi ya fara kiran ta Zulai. Ta so shi, so na gaske, wanda ta ɗauka yaƙi ya riga ya kashe mata. Sau biyu tana buɗe baki za ta gaya masa komai, yana tare ta.

"Abin da ya wuce kafin ni ba nawa ba ne, habibti. Ke nake so, yadda kike."

Allah sarki, maganar namiji lokacin nema. Ta yarda.

Ana haka Daktora Raniya ta zo garin. Likitar mata ce, tana bincike a kan abin da matan da yaƙi ya koro suka gani: ɓari, zubar da ciki a ɓoye, haihuwa a gefen hanya, da jariran da aka ba wasu riƙo. Ta ce so take a san gaskiyar abin, a koya wa ungozomomi, mata su daina mutuwa a bayan ɗaki. Ta yi alkawari ba a rubuta sunan kowa, lamba kawai ake sa wa. Zulaiha ce ta goma sha bakwai.

Da Larabci ta fara, tiryan-tiryan. Da ta iso wurin da ke ciwo Larabcin ya gudu, sai Hausa ta ɓalle mata tare da kuka. Raniya ba ta jin Hausa, amma ta riƙe hannunta ta ce ta ci gaba, akwai mai fassara can birnin Gadarif, ya yi rantsuwa ya sa hannu. A ganinta Gadarif da Mafaza nesa ne. Ba ta san Hausawan ƙasar nan ba, waɗanda in ka taka ƙafar ɗaya a Gadarif na Mafaza ne zai ce wash. Ba ta kuma yi tunanin cewa lamba suna take rufewa ba, ba ta rufe murya.

A kan ramin duhan ɗin nan Zulaiha ta haɗa zaren. Wata uku ke nan Husain yana tafiya Gadarif duk sati, wani aikin rubutu da ya ce an hana shi faɗa. Ita da kanta ta yi ta yi masa addu'a ya samu aikin.

Ta sauko ta nufi Jummare, ba ta ma san me za ta yi ba. Hajo ta riga ta. Ta sure yarinyar ta rungume a ƙirji, ta ja da baya taku ɗaya.

"Kofi uku, Zulaiha? Ina dafa miki maganin shawara?"

Wannan taku ɗaya ya fi duk maganar Asha zafi.

Bayan la'asar Husain ya zo. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ta fito zaure ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Ustaz, tambaya ɗaya. Wa ya ba Yaya Asha?"

Bai yi musu ba, wannan kam a ba shi. Ya ce tun kalmar farko ya gane ta. Kwana huɗu ya yi abinci ba ya wuce masa. A na biyar ya kunna wa Asha, yana fatan ta ce masa kama ce kawai. Asha, wadda ta daɗe tana yi masa kwaɗayin 'yar kawunsu, ta ce ya sake kunnawa ba ta ji sosai ba, ashe wayarta tana ƙarƙashin mayafi tana ɗauka. Kafin azahar murya ta shiga wayoyin matan unguwa.

"Wallahi so na yi wani ya ce min ba ke ba ce..."

"Ni fa? Ƙofa biyar ce tsakanin gidanku da namu."

"Na ji tsoron amsarki."

"Sai ka kai wa wadda ba ta tsoron Allah."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago, ya tausasa murya yadda yake yi in zai kira ta Zulai. Ya ce aure yana nan, ko Hajja ta so ko ta ƙi. Ya ce ya yi tunani, ya yi istihara.

"Habibti, ni na yafe miki."

Zulaiha ta yi dariya, dariyar da ta tsorata shi.

"Ka yafe min me? Tare motar da aka yi? Ko tsoron da na ji ni kaɗai, ba uwa ba uba? Ka rantse, ka sa hannu, ka ɗauki kukana ka kai kasuwa... sannan kai ne mai yafiya?"

"Zulai..."

"Ni dai na saba da wuta. Yarinyar nan me ta yi maka?"

Ta shige gida ta tura ƙyaure.

Washegari Daktora Raniya ta iso a motar farko, fuska jiƙe da hawaye. Ta kori Husain daga aikin, ta ce laifinta ne, za ta rufe binciken gaba ɗaya, don mata tara sun riga sun aiko a goge nasu. Zulaiha ta ce kada ta rufe. Ta ce ta nemo mace mai fassara daga nesa, wadda ba ta da ko ɗan uwan kaka a Mafaza, domin tsohuwar nan tana nan da tukunyarta, kuma ba kowa ke tashi bayan sati biyu ba. Raniya ta goge abin da Zulaiha ta faɗa daga na'urarta. Wanda ya shiga wayoyin mutane kuwa, ai zance ya zama ruwan da ya zube.

Kwana uku bayan haka Hajo ta je ɗebo ruwa da Jummare a baya. Wata maƙwabciya ta janye ɗanta daga kusa da su, ta ce kada ya taɓa 'Yar Kofi Uku. Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya zauna ƙaramin gari ya sani, irin wannan suna ba ya mutuwa. Da shi za a kai ta makaranta, da shi za a kai ta ɗakin miji.

Da Daudu ya ji, ya tara su a tsakar gida. Sannan ya ce akwai mai gona can gefen Fashaga, wani ƙauye da mutanen nan ba sa zuwa, ya daɗe yana neman mai zama dindindin. Jibi za su tashi, kuma ba dawowa.

Zulaiha ta shiga ɗaki ta fara ninke kayanta. Hajo ta biyo ta, ta zauna bakin gado, ta dafa tufafin.

"Ke ba za ki ba."

"Yaya Hajo..."

"Ba fushi nake ba, wallahi. Na yi, na gama. Da ni ce a matsayinki ban san kofi nawa zan sha ba." Hawaye ya zubo mata. "Amma muryarki ce a wayoyin mutane, ba tamu ba. Duk inda kika buɗe baki wani zai iya ganewa. Kuma dube ta, kullum ƙara kama take da ke. In kina son ta tashi ba ta ji ba, sai ta tashi ba ta gan ki ba."

Zulaiha ta nemi inda maganar ta karkace ta rasa. Ta mayar da kayanta cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, suka rungume juna suka yi kukan da ba sauti.

Ranar tafiya, da hantsi, ta roƙi abu ɗaya: a bar ta ta goya Jummare zuwa tasha. Hajo ta ɗora mata ita ta ɗaure zanen da hannunta. Suka ratsa ta tsakiyar kasuwa, masu kallo suna kallo, Zulaiha ba ta sunkuyar da kai ba. Yarinyar ta kwantar da kumatu a bayanta tana wasa da bakin mayafinta.

Husain yana tashar, tsaye kusa da buhunan dawa. Ya matso da sauri. Ya ce ya bar gidan Hajja, ya yanke magana da Asha. Ya ce ya gane shi ne mai neman yafiya, ba ita ba. Ya ce a ɗaura yau ɗin nan, zai riƙe yarinyar, duk wanda ya kira ta da wani suna da shi zai yi. Ina jin har zuciyarsa yake faɗa, amma bakin gari ba a ɗaure shi da alkawarin mutum ɗaya.

Ba ta dube shi ba. Direba ya tada mota. Ta kwance goyon, ta sumbaci tafin hannun Jummare, ta miƙa ta sama ga Hajo. Yarinyar ta waiwayo tana miƙo hannu, sai Hajo ta ba ta nono ta yi shiru. Motar ta ja, Zulaiha tana tsaye har ta sha kwana bayan gonakin riɗi.

"Zulai, don Allah ki ce wani abu," in ji Husain. "Ko zagi ne."

Sai a lokacin ta juyo ta kalle shi, kallon mutumin da ta so fiye da kowa.

"Na gama magana a inda kake ji, Ustaz."

Ta ninke zanen goyon, da sauran ɗumin yarinyar a jikinsa, ta rungume shi ta kama hanyar gida ita kaɗai.