Kocin Da Ta Dawo Da Tabo A Agara

Sai da Ishbel Rennie ta shiga zauren horo na Glasgow, takardar sunaye a hannunta, sannan ta gane ashe shekara uku ba komai ba ne. Struan Geddes na tsaye a bakin raga, kusa da shi Fenella Orr tana ɗaure gashinta.

"Barka da zuwa, Koci," ya ce, idonsa a ƙasa.

Koci...

Mutumin da suka yi shekara shida suna buga badminton a gefe ɗaya, wanda ya taɓa tuƙa mota har garinsu Buckie don kawai ya kai mata takalmin da ta manta, yau shi ne ke kiranta Koci. Ta amsa masa kamar yadda ta amsa wa sauran, ta ce kowa ya ɗauki raket ɗinsa.

Duk zauren an san labarin. A wasan ƙarshe na gasar ƙasa, ƙwallo ta faɗo tsakaninsu, Struan ya ce "taki ce", alhali tasa ce. Ishbel ta yi tsalle da baya, agararta ta tsinke, wasanta ya ƙare a nan tana da shekara ashirin da bakwai. Mahaifinta, Murdo, wanda shi ya fara koya mata wasan, ya tsaya a ƙofar asibiti ya hana Struan shiga. Ita ba ta sani ba. Fenella ce ta riƙa zuwa da furanni, ita ce kuma ta faɗa mata cikin tausayawa cewa tun kafin raunin Struan ya nemi ya koma buga wasa da ita Fenella. Ishbel ta goge lambarsa, ta koma gida, ta fara koyar da 'yan makaranta. Daga nan sunanta ya yi ta tafiya har aka kira ta horar da 'yan wasan ƙasa.

Sati uku tana kallon yadda Struan da Fenella ke buga wasa tare. Fenella na da hannu mai kyau a gaban raga, wannan ko maƙiyi zai yarda. Matsalar Struan ce. Ba ya barin mata ƙwallo ko ɗaya da ta faɗo tsakiya. Tasa da wadda ba tasa ba duk sai ya bi, kafin a shiga zagaye na uku numfashinsa ya ƙare.

Wata Laraba da rana, bayan an tashi, ta ce ya tsaya.

"Kana wasa kamar kai kaɗai ne a fili," ta ce. "Me ya sa ba ka kira, ka ce mata 'taki ce'?"

Ya daɗe yana juya raket a hannunsa.

"Tun ranar nan bakina bai ƙara iya faɗin kalmar ba."

Ishbel ta zauna a kan benci.

"Amma ko sau ɗaya ba ka zo ba, Struan."

"Na zo sau huɗu. Babanki ya ce in tafi. Daga baya Fenella ta kawo min saƙonki, wai kin ce ganina ma ciwo yake ƙara miki."

"Ban taɓa aiko kowa ba..."

Ta tambaye shi ko gaskiya ne ya nemi Fenella tun tana wasa. Ya dube ta da mamaki, ya ce wata biyar ya yi bai taɓa raket ba, sai da aka ce za a cire shi daga ƙungiya sannan ya karɓi wadda aka haɗa shi da ita.

 Ruwa na sauka a kan rufin zauren a hankali.

"Ishbel, ni ban canja ba," ya ce. "Ko kaɗan."

Hawaye ya cika mata ido, amma ta girgiza kai. Ta ce muddin ita ce kocinsa ba za ta saurari wannan magana ba, don ba za ta bari a ce son rai ne ya ba shi gurbi ba. Ta ce ya jira kakar wasa ta ƙare. Ya yi murmushi ya ce wanda ya jira shekara uku, wata biyar ba za ta kashe shi ba.

Washegari ta kira Fenella ita kaɗai. Fenella ta fara musu, sannan ta fashe da kuka, ta ce ta gaji da zaman benci ne, kuma ta san da Struan kaɗai za ta kai inda take so. Ta tambaya ko korarta za a yi.

"Ba ki da maganar da za ki ƙara yi min a wajen fili," in ji Ishbel. "Amma a fili ke 'yar wasata ce. Ɗauki raket ɗinki."

Haka ta horar da su tsawon hunturu. Ta sa Struan ya riƙa kira da ƙarfi a kowane bugu har abin ya daina yi masa ɗaci. A gasar ƙasa suka zo na biyu, kuma da bazara Struan ya ajiye wasa, gwiwarsa dama ta daɗe tana gargaɗinsa.

Saura Murdo.

Da ta faɗa masa a waya cewa za ta zo da Struan, sai ya ce ƙofarsa ba ta buɗuwa ga wanda ya karya masa 'ya. Duk da haka suka hau jirgin ƙasa. Suka tarar ya dafa miyar kifi, kwano biyu kawai ya ajiye a tebur. Ishbel ta tura nata gaban Struan, ta naɗe hannu.

"Baba, na zo neman gafara ne," in ji Struan. "Ni na yi kiran. Kullum da shi nake kwana."

Tsohon ya kafe taga da ido, can tekun na ta kaɗawa. Sannan ya ce:

"A satin wasan nan ta ce min agararta na ciwo. Ni na ɗaure mata ƙafar, na ce ta daure, kofi ɗaya ne ya rage mana." Ya share fuska da tafin hannu. "Ganin laifinka ya fi min sauƙi, yaro."

Ishbel ta zagaya ta rungume shi ta baya, ta ce ita ma ai da ƙafarta ta shiga filin, ba wanda ya ɗauke ta. Murdo ya ɗan jima a haka, sannan ya tashi ya ɗauko kwano na uku.

A watan Satumba aka ɗaura aurensu a ƙaramin cocin da ke kallon tashar jiragen kamun kifi. Da aka fara kiɗa a zauren biki, Struan ya raɗa mata a kunne ko ƙafar za ta iya rawa.

"Masoyi, ba da kai zan fara ba," ta ce.

Ta tsallaka zauren tana ɗan ɗingishi, ta miƙa wa mahaifinta hannu. Murdo ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya kai ta tsakiyar fili da kansa. Da waƙar ta kai rabi ya tsaya, ya yafito Struan, ya ɗora hannunta a nasa.

"Ka bi ta a hankali," ya ce. "Amma kada ka hana ta gudu."