Ranar da Ta Ƙi Yanke Zaren Fatsa

"Baba, beyar! Ga ta can bayan duwatsu... har da 'ya'ya biyu!"

Ƙatuwar dabbar dajin nan ce mai gashi da farata, mai cin kifi. Baba ya kashe injin jirgin ruwanmu, ya bi yatsana da kallo, na ga fuskarsa ta sauya.

Abincin rana muka kawo wa baƙin masaukin da nake wa girki, masu zuwa daga birane kamun kifin salmon don nishaɗi. Can tsakiyar kogi Corwin ne tsaye, ruwa har gwiwa. Corwin ɗina, mai yi wa baƙi jagora, wanda sau biyu yana zuwa neman aurena Baba na sallamarsa daga bakin ƙofa.

"Mutumin da zai kama kifi ya ɗau hoto ya sake shi?" haka Baba yake cewa. "Mai wasa da abinci ba zai riƙe mini 'ya ba, Nastasia."

Kusa da shi Dilys ce, baƙuwar da shekara uku tana zuwa, kullum shi take zaɓa. Ita ce jiya ta tare Baba tana murmushi, wai Corwin zai bi ta birni da zarar sanyi ya shigo. Da kuka na wuni.

Yanzu kuwa kifi ta kama. Ƙato! Sandar fatsarta ta lanƙwashe, kifin na tsalle yana dukan ruwa, kuma wannan ƙarar ce ta kira beyar.

Duk wanda ya taso a kogin nan ya san doka. In beyar ta nufo ka kana da kifi a ƙugiya, ka yanke zare ka bar mata.

"Dilys, yanke zaren," na ji Corwin ya faɗa a hankali.

"Kwana biyar ina nemansa! Ba zan yanke ba!"

"Ki yanke na ce..."

"Minti ɗaya kawai, masoyi!"

Masoyi? Ko kishin ban samu damar yi ba, don beyar ta riga ta shigo ruwa, kunnuwanta kwance, kanta a ƙasa.

Baba ya ɗaga bindiga, ya sauke.

"Harba mana, Baba!"

"Corwin yana tsakani. In na harba shi zan samu."

Corwin ya zaro wuƙa ya datse zaren da kansa. Sai a lokacin Dilys ta waiga ta ga abin da ke tahowa. Ta ƙwalla ƙara, ta yar da sanda, ta yi abin da ba a taɓa yi...

Ta ruga.

Wayyo Allah! Beyar ta zabura a guje, ruwa na fallatsa ta ko'ina. Na durƙushe cikin jirgi ina kiran sunansa a zuci.

Corwin ya sha gaban beyar. Ya tsaya cak tsakaninta da Dilys, hannuwansa a buɗe, kansa a sunkuye.

Taku uku ya rage ta tsaya. Ta buga ruwa da hannu, haƙoranta na ƙas-ƙas, hucinta har inda muke.

Sai na ji muryarsa, da yarenmu, yana kiran beyar Kaka kamar yadda mutanenmu ke yi.

"Kaka, ki yi haƙuri. Kogin naki ne, mu ne muka shigo miki. Ga kifinki can. Ki bar mu mu wuce, Kaka."

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Ni dai na ciji hannuna har ya yi jini. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya yi kuka a bakin gaɓa, uwar ta waiga, ta sake kallon Corwin, sannan ta juya tana tafe tana huci.

Baba ya tuƙa jirgi da filafili a hankali, muka jawo Dilys ciki, ko ido ta kasa haɗawa da kowa. Corwin ya shigo bayanta. Na riƙe shi ƙam, a gaban Baba, ban damu ba.

"Da ta kashe ka fa? Da ta kashe ka ya zan yi?"

"Ina nan, Nasta tawa... ina nan."

"Dilys ta ce za ka bi ta birni!"

"Ni? In je in yi me, ke kina nan?"

Baba bai ta da inji ba. Kallon Corwin kawai yake yi, irin kallon da nake tsoro tun ina ƙarama.

"Wa ya koya maka yi mata magana haka?"

Corwin ya dube ni. "Nastasia, Baba."

"Hm. Yarenka duk a karye, kamar na ɗan yaye." Ya miƙa hannu wajen inji. "Amma ta ji ka."

Ya ja igiyar inji, sannan ya ce ba tare da ya dube mu ba, "Ran Lahadi bayan coci ka zo gida. Kar ka tsaya a bakin ƙofa, ka shigo."

Sai a lokacin kukan da na riƙe ya ƙwace mini.