Yarinyar da Aka Aika Makarantar Manya

A wani gari, can da daɗewa, akwai makarantu biyu da katanga ɗaya ta raba, ƙarama ta yara da babba ta manya. A ƙaramar akwai wata yarinya mai cika baki. In aka hura mata kunu, sai ta ce, "Ni fa na girma." In malama ta gyara mata ɗankwali, sai ta ce, "Ni fa na girma."

Ran nan malama ta ce, "To, babba, kai wa shugaban makarantar manya wannan takarda."

Ta fita tana taƙama. Shigarta ke da wuya aka kaɗa ƙararrawa, ɗalibai suka fito tuli, dogaye, ba ta ganin komai sai gwiwoyi. Ta nemi hanya ta rasa, sai ta fashe da kuka.

Wata ɗaliba ta durƙusa ta share mata hawaye, ta raka ta ofis, sannan ta riƙo hannunta har bakin katanga.

Tana shiga aji yara suka yi mata caa. "Yaya can? Kin ji tsoro?"

A cikinsu babu wanda ya ga abin da ya faru. Ta buɗe baki za ta yi kuri, sai kuma ta sunkuyar da kai.

"Kuka na yi," in ji ta. "Wata yaya ce ta dawo da ni."

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta jawo ta jikinta ta ce, "Ai kin yi ƙoƙari, da ƙafarki kika dawo. Ni da aka aike ni ina kamarki, a goye aka kawo ni."