Ranar da Aka Durƙusar da Jummai

A harabar cocinsu da ke Ƙofar Sauri Elisha ya fara ganin Tabitha, tana jan buhun shinkafa ita kaɗai. Ya sa hannu ya ɗauke mata.

"Malamin makaranta da ƙarfin lebura?" ta ce tana dariya.

"Ganinki ne ya ƙara mini."

Washegari saƙonsa ya shigo: "Tabi tawa, yau sau biyu ɗalibai suna gyara mini lissafi a allo. Laifinki ne."

Ta amsa: "To ka zo in ba ka haƙuri, Malamina."

Mahaifiyar Tabitha, wadda ake kira Mama Happiness da sunan babbar 'yarta, ita ce shugabar zumuntar mata. Duk Kirsimeti takan kira gwauraye da sunayensu zuwa gaban coci, kowace ta durƙusa ta karɓi shinkafa, a ɗauki hoto. Shekara da shekaru ana tafi, babu wanda ya taɓa tambayar me ya sa mai jin yunwa sai ya yi wasan kwaikwayo kafin ya ci.

Da ta ji Elisha ɗan Jummai ne, gwauruwar da ke wankau a Batagarawa, sai ta tsuke fuska.

"Ga Markus yana neman aurenki, uban da ya haife shi ne ke ba mu shinkafar nan. Ke kuma kin liƙe wa ɗan mai wanki?"

"Mama, shi nake so."

"Za ki gani."

Ranar Kirsimeti aka kira Jummai. Mama Happiness ta turo Tabitha gaba ta miƙa buhun, ita kuma ta riƙe makirfo.

"Durƙusa da kyau, Jummai, hoto za a yi. Jama'a, wannan ce ɗanta ke neman 'yata. Mu ciyar da uwa, mu kuma ba ɗa mata?"

Aka yi dariya. A gidan Ubangiji, ranar haihuwar wanda aka kwantar a komin dabbobi, aka yi dariya. Markus ya ɗauki hoton, kafin yamma ya zaga wayoyin kowa.

Elisha ya rubuto: "Na ga murmushinki a kan uwata a hoton. Allah ya ba ku zaman lafiya da Markus."

"Kuka nake dannewa, Malamina, ka saurare ni."

Saƙon bai shiga ba. Ya rufe layinta.

Jummai ta daina zuwa coci. Shinkafar ma ba ta ci ba, ta rabar wa maƙwabtanta, su Hadiza mai ƙosai, ba wanda ya ji.

Kwana uku Tabitha tana hawa babur zuwa Batagarawa. Ba ta kawo komai ba. Takan naɗe zane, ta zauna gefen baho, ta kama wanki. A rana ta uku Jummai ta dubi yatsunta da suka sale.

"'Yata, me kike nema?"

"Gafara, Mama. Hannuna ne ya miƙa."

Ranar Lahadi, lokacin sanarwa, Tabitha ta miƙe.

"Ina roƙon a daina kiran gwauraye gaba. Mun san gidajensu. In don Yesu muke bayarwa, ai shi ba ya buƙatar hoto."

Marin da uwarta ta yi mata har layin baya an ji. Fasto ya duƙar da kai yana duba takardunsa.

Elisha ne ya ratso kujeru ya tsaya kusa da ita, idonsa jajir.

"Tabi, na zalunce ki."

"Ka zalunce ni. Amma ka zo."

Mahaifinta, wanda shekara ashirin bai taɓa musa wa matarsa ba, ya karɓi dangin Elisha da kansa. Aka ɗaura aure bayan Ista. Mama Happiness ba ta zo ba, ta aiko cewa 'ya ɗaya ta haifa, Happiness.

Tabitha ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Jummai ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Na ƙwace miki uwa, 'yata, ban so ba. Abin da nake da shi kaɗan ne, amma duka naki ne. Ubangiji ya albarkaci gidanku, kada mai yunwa ya fita daga cikinsa da kunya."

Elisha ya ce amin. Tabitha ta ƙara damƙe hannunsa.